Azumin Ruwa a Ɗakin Waya

Shekaranjiya da la'asar hadari ya taso daga wajen unguwar Nkomkana, baƙi ƙirin, kafin in gama kwashe shanya ruwa ya sauko. Na tsaya a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen zane a hannu, bakina a bushe da azumi, ga ruwa yana kwarara daga indararo kamar da gayya. Da ƙamshin jar ƙasar nan tamu ya bugi hancina, sai na tsinci kaina a wata shekara can baya, zamanin shugaban ƙasa na farko. A shekarar nan azumi ya faɗo tsakiyar babbar damina, kuma a cikinta na fara aiki a ɗakin waya na asibiti.

A lokacin ina amarya, ban daɗe a gidan miji ba. A nan unguwar Briqueterie, cikin babban birnin ƙasar, aka haife ni, mu dai Birik muke cewa. Kakana ne ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro, ya ga wuri ya zauna. Mahaifina ya sa ni lekol, wato makarantar boko, na iya Faransanci. Fulatanci a gidan maƙwabta na tsince shi, turancin kasuwa da muke kira Fijin kuwa a kasuwar Mokolo, wajen ciniki. Yaren Ewondo ma ina ɗan tsintar abin da zai fid da ni.

Bakin nan nawa shi ya samo mini aikin. Wata rana na raka surukata, Inna, asibiti, muka tarar da wani tsohon Bafulatani yana ta bayani ga infirmiye, wato ma'aikacin jinya, kowa yana magana ba mai fahimtar wani. Na shiga tsakani na fassara. Ashe wata mata tana tsaye a gefe tana saurare, doguwa, da tabarau rataye a wuya. Ita ce Madam Ngono, shugabar ɗakin waya. Ta tambaye ni harsuna nawa nake ji, na lissafa mata. Ta ce in zo ranar Litinin.

Maigidana tela ne, mutum mai raha. Da na gaya masa, ko tsayar da keken bai yi ba, ya ce, “To, Rakiya, tunda surutun nan naki zai zama sana'a, Allah ya sa albarka.” Inna ce ta kafa sharaɗi: da lulluɓina zan fita, kuma kada magariba ta same ni a waje.

Ɗakin waya yana saman bene, ɗan ƙarami, taga ɗaya. Standar muke kiransa. Akwai wani katon allo mai ramuka da ƙananan fitilu, da igiyoyi masu kan ƙarfe. Fitila ta kama, ka cusa igiya, ka ce alo. Yawancin kira na neman likita ne ko tambayar mara lafiya. Amma akwai fitila ɗaya ja a kusurwa, ita ce ta masu neman motar asibiti. In ta kama, komai kike yi ki ajiye.

Madam Ngono ba ta bar ni na taɓa jar fitilar nan ba sai da ta gasa ni. Takan shiga ofishin da ke maƙwabtaka ta kira ni, ta canza murya. Yau ita ce tsohuwar da jikanta ya faɗa rijiya, tana kururuwa da Ewondo. Gobe ita ce mashayi daga unguwar Madagascar wanda ya manta kwatancen gidansu. Wata rana ta yi ta kuka kawai ba magana. Sai ta dawo ta zauna kusa da ni ta ce, “Ma fille, 'yata, kin tambaye shi sunansa da na babansa, amma ba ki tambaye shi inda yake ba. In layi ya yanke, ina za ki tura mota? Wuri tukuna. Sannan me ya faru. Suna daga baya.” Ta koya mini in sassauta murya in mai kira ya ɗaga tasa. Ta kuma kai ni wurin wani tsohon infirmiye ya nuna mini yadda ake danne jini da yin ɗauri sama da ciwo, yadda ake kwantar da wanda ya suma, da abin da ba a ba wanda zai shiga tiyata. Na gwada ɗaurin a cinyar wata ɗaliba har ta yi ƙara.

Ana cikin haka azumi ya kama. Watan ma ba mu gan shi ba, sama a rufe take ruf. A rediyo muka ji an gani a arewa.

Ban taɓa ganin ruwa kamar na shekarar nan ba. Da safe yayyafi, da azahar a ɗan tsagaita, da la'asar kuma kamar an kifar da tulu. Lungunan Birik suka zama taɓo ja mai kama ƙafa. Takalmin roba nake sawa in fita, na aiki yana cikin jaka, in na isa asibiti in wanke ƙafa a famfo in canza. Wanki ba ya bushewa, duk ɗaki warin sanyi. Kwanon rufinmu yana yoyo, muka jera kwanuka da bokiti a tsakar ɗaki, kowanne da irin ƙararsa. Maigidana ya ce tunda ba mu da kuɗin kiran makaɗa, Allah ya aiko mana har gida.

Wahalar gaske ita ce wuta. Itace a jiƙe, gawayi a jiƙe. Da asuba Inna takan durƙusa gaban murhu tana hura, hayaƙi yana sa ta hawaye, ni ina fifita da faifai, don dai a ɗumama tuwon sahur. Daga baya muka koyi jera itacen gobe a gefen murhun yau, ya sha zafi ya bushe. Gidan da wutarsu ta riga kamawa, daga nan ake ɗibar garwashi a kasko ana rabawa ta kan katanga.

Manyan motocin da ke kawo kaya daga arewa kuma suka maƙale a hanya. Gero ya ɓace a kasuwa, albasa ta zama abin ɓoyo. Kunun masara muka koma sha, Inna tana jefa tsamiya tana cewa da daɗi, fuskarta kuwa tana faɗin wani abu dabam. Wake dai akwai, don haka ƙosai bai yanke ba. Muka ƙara da rogo da ayaba, abincin da tsofaffinmu suke ɗan ɗaga wa hanci a da, suka ci har da neman ƙari.

Ranar Lahadi maza duka sukan fito da shebur da magirbi, da azuminsu, su yashe magudanar ruwa tun daga bakin masallaci har gangare. Teloli, mahauta, masu kanti, kowa wando a naɗe. Mata muna cika buhuna da ƙasa ana jerawa a ƙofofi. Ba wanda ya ji ƙishi sosai a azumin nan, sanyi ya hana. Yunwa ce mai cizo, irin wadda sanyi ke ƙara wa kaifi.

Shan ruwa ma da rigimarsa. Tunda ba a ganin rana, kowane ladan da agogonsa yake aiki. Na masallacin sama yakan riga na ƙasa, sai ka ga rabin unguwa sun kai ƙosai baki, rabi suna riƙe da nasu suna harara. Inna ta ce ita na ƙasa take bi don ya fi tsoron Allah. Maigidana ya ce shi wanda ya fara kira shi ne malaminsa.

A wurin aiki, jar fitila ba ta hutawa. Katanga ta faɗi, mai naƙuda ta rasa taksi, yaro ya zame a gangare. Wayoyi kuwa 'yan kaɗan ne a unguwanni: a kantin wani, a famasi mai sayar da magani, a mashaya. Mutum zai sheƙo a guje cikin ruwa, ya kama waya yana haki. Tituna ba suna, gidaje ba lamba. Sai dai a ce bayan itacen mangwaro, kusa da mai injin niƙa. In na gane wurin sai in kira gareji ta layin cikin gida, in gaya wa direba. Da zarar mota ta fita, shi ke nan, ba mu da hanyar magana da ita. Sau da yawa ba mu jin yadda aka ƙare.

Akwai kiran da har yau nake tunawa. Wata mata ce daga unguwar Elig-Edzoa, ruwa ya ja ɗanta. Na tambaye ta wuri, ta fara kwatance, sai tsawa ta faɗi, layin ya mutu. Na yi ta cewa alo, shiru. Na tura mota unguwar, direba ya zagaya ya dawo bai sami kowa ba. Da wata fitila ta kama, sai na kasa cusa igiya. Madam Ngono ta cire mini abin sauraron waya daga kunne da kanta, ta sa abokiyar aikina ta riƙe allon, ta fitar da ni baranda. Ta kawo kofin shayi, sai ta tuna ina azumi, ta ajiye shi a ƙasa, ita ma ba ta sha ba. Ta ce in faɗa mata kiran daga farko har ƙarshe. Na faɗa ina kuka. Ta ce, “Tambayar da ta dace kika fara yi. Tsawa ba a hannunki take ba. Ki yi kukanki a nan tare da ni, kada ki ɗauke shi ki kai gida ke kaɗai.” Ashe haka take yi wa kowa bayan kira mai nauyi. Ba wanda ya sa ta, ita ta ga ya dace.

Yanzu akwai 'yar maƙwabciyata da ke koyon irin aikin nan. Ta ce suna da kwamfuta mai nuna inda mai kira yake, ana ba su takardar shaida, har da wanda aikinsa shi ne ya saurare su in abin ya yi musu yawa. Na ce mata madalla. Mu duk waɗannan a jikin mace ɗaya muka same su, mai tabarau a wuya.

Cikin goman ƙarshe ne abin Sallau ya faru. Madam ta saba sallamata da wuri don in sha ruwa a gida, amma ranar wadda za ta karɓe ni ba ta iso ba, ruwa da iska sun tare ta. Rana ta kusa faɗuwa, jar fitila ta kama.

“Alo! Alo! Madmazel! Ambilans! Ambilans!”

Muryar nan ko cikin barci na san ta. Alhaji Sambo ne, mai kantin yadi, abokin mahaifina, wanda shi kaɗai ke da waya a ɓangarenmu. Faransancinsa iyakarsa ke nan.

Na ce, “Baba Alhaji, Rakiya ce, 'yar Malam Garba. Yi Hausa. A kanti kake?”

Ya ce, “Rakiya? Ikon Allah! Ke ce a ciki? Ina wuni, ya azumi, ya Inna...”

Tunda nake ban taɓa katse babba ba. Ranar na katse. “Baba, gaisuwa daga baya. A kanti abin ya faru?”

“A ƙofar kanti. Sallau ne, mai tsire. Iska ta ɗaga kwanon rumfarsa, ya hau zai danne, ya zamo, kwanon ya tsaga masa cinya. Jini, Rakiya, jini kamar an yanka sa.”

“Yana magana?”

“Yana salati.”

Na ce kada ya ajiye waya. Na cusa ɗayar igiyar na kira gareji. Onana ne ya ɗauka, direba mai ƙaton ciki da dariya, wanda ba ya tuƙi sai yana waƙar coci. Na ce masa Birik, kantin yadi, ƙasa da masallaci. Ya ce yanzu ya dawo ta can, ruwa ya shanye ƙaramar gadar gangare, mota ba ta wucewa. Ya ce zai zagayo ta sama, ta hanyar Madagascar, amma iyakarsa inda kwalta ta ƙare. Daga nan sai dai su hauro masa da mutumin. Na ce ya tafi.

Na koma kan Alhaji. Ina jin hayaniya a bayansa, wani yana cewa a kawo fetur a zuba, wani yana cewa garin kofi ya fi.

“Baba, kada a zuba komai. Ka ji ni? Komai. Yadi nake so, mai tsabta, a ninka shi da kauri, mai ƙarfi a cikinku ya danne wurin da hannu biyu, kada ya ɗaga ko don ya duba.”

Na ji ya ajiye kan wayar a tebur, na ji ƙarar almakashi da yagewar yadi, na ji yana ba da umarni da muryarsa ta kasuwa. Ya dawo yana haki.

“An danne. Ya jiƙe jagab.”

“A ƙara wani a kai, kada a cire na farko. A yanko dogo kuma, a ɗaure cinyar sama da ciwon, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya. Zai yi ihu. Ku bar shi ya yi.”

Ihun kuwa har ni na ji shi ta waya. Madam Ngono tana tsaye a bayana, ba ta jin Hausa, amma hannunta yana kan kafaɗata.

“Ya ragu,” in ji Alhaji. “Wallahi ya ragu. A ba shi ruwa?”

“A'a, kada a ba shi komai. Tiyata za a yi masa.”

“Ai ko an ba shi ba zai sha ba. Ya ce saura kaɗan a sha ruwa, ba zai yi asarar azuminsa a kan kwano ba.”

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Na ce a cire ƙyauren ƙofa a ɗora shi, a lulluɓe shi, a haura da shi har bakin kwalta, mai dannewa yana tafiya tare da su ba ya saki. Na ce shi Alhaji ya tsaya a waya. Ya ce ina, ƙyauren kantinsa ne ma za a cire, dole ya bi. Sai na ji wayar tana lilo tana bugun tebur, da ƙarar ruwa a kan rufi, da muryoyi suna nisa.

Daga nan sai jira. Wasu fitilun suna kamawa ina amsawa, amma kunnena yana ƙofar asibiti. Ban san magariba ta yi ba, sai da na ji kofi a leɓena. Madam ce ta riƙe mini shi ina cikin haɗa wani kira. Ta ɓare ayaba ta miƙo, ta ce ta ga masu gadi Musulmi sun fara ci. Da ruwan famfo da ayabar Madam na sha ruwa ranar. Can sai muka ji jiniya, da wata murya tana rera waƙar coci iya ƙarfi. Onana ya iso.

Sallau ya rayu, ƙafar ma ba a yanke ba. Likita ya ce ɗaurin ya yi kyau, ya kuma ce bai taɓa kwance bandeji mai tsada irin wannan ba. Ashe a gigice Alhaji shaddar da ta fi kowace ya jawo, wadda wani ya riga ya zaɓa don ɗinkin Salla.

Na isa gida bayan magariba ta wuce, ƙafa duk taɓo, ina shirya abin da zan ce wa Inna. Na tarar labari ya riga ni. Ba ta ce komai a kan sharaɗinta ba. Ta turo mini kwanon kunu da ta rufe da faifai, ta ce, “An ce kin hana Alhaji Sambo gaisuwa.” Na sunkuyar da kai. Ta ce, “Shekara nawa nake neman wanda zai iya.”

A unguwa kuwa Onana ne ya zama gwarzo. Shi aka gani, shi ya ɗauki mutum, shi ya kunna jiniya. In ya wuce ta Birik har tsire ake miƙa masa ta taga. Ni dai ana cewa ashe 'yar Malam Garba ma tana wajen. Ban ji haushi ba sosai. Madam ta riga ta gaya mini cewa mai aikin waya murya ce kawai, ba a ganinta balle a gode mata.

Ranar Salla sama ta washe, rana ta fito kamar ba ita ta ɓuya ba. Duk katangun Birik suka cika da shanya. Washegari ina bakin aiki da sabuwar atamfata da lalle a hannu, sai muka ji rigima a matakala, ana ja ana turjewa, da kukan dabba. Ƙofa ta buɗe, Onana ya shigo da baya yana gumi, yana jan igiya. A ƙarshen igiyar wata akuya ce ja, mai ƙiba.

Ya ce 'yan'uwan Sallau mahauta ne suka kawo masa ita gareji. Ya gaya musu shi tuƙi kawai ya yi, mutumin da aka miƙo masa an riga an tsayar masa da jini. Suka ce to su dai sun ba shi, ya san yadda zai yi. Shi ya sa ya hauro da ita bene.

“Ta standar ce,” in ji shi. “Ni ku ba ni ƙafa ɗaya in an yanka.”

Madam Ngono ta sa tabarau ta dubi akuya, ta dubi Onana, ta ce tun da ta fara aikin nan ba a taɓa kawo wa ɗakin waya ko ƙwai ba. Ta fara jawabi. Ba ta kai ko'ina ba, abokiyar aikina ta yi ƙara. Akuyar ta miƙa wuya ta kama ɗaya daga igiyoyin allo tana tauna, kuma a kan igiyar nan babban likita yake magana da matarsa.

Mu huɗu muka taru a kanta. Onana ya riƙe ƙaho, Madam tana jan igiya tana yi mata faɗa da Faransanci, ni ina buɗe mata baki da hannun lallena, dariya ta hana ni ƙarfi. Muna cikin haka jar fitila ta kama. Na saki akuya, na goge hannu a sabon zane, na zauna, na cusa igiya.

Na ce, “Alo, asibiti ne. Kana ina?”